Apapa: Garin da kwana yake da farashi

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Na daɗe ina jin 'yan kasuwa suna kuka da tashar jiragen ruwa ta Apapa, amma ban fahimci kukan ba sai da na raka wani ƙanena Legas domin fito da kwantenarsa ta farko. Kayan gini ne ya sayo a Guwanzu ta ƙasar Sin, jarin kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba: akwai gadon marayun yayarmu a ciki, akwai na abokan kasuwancinsa biyu. Ranar da aka sanar da shi jirgi ya iso, sai ya kira ni da murna, ya ce, "Yaya, wahala ta ƙare." Ashe a ranar ta fara.

Mun kwana a Agege, muka yi sammako muka bi ta gadar Ijora. Tun daga kan gadar mutum zai fara ganin tireloli da tankokin mai a jere, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, mai shayi ya kafa teburinsa, iska kuwa ta haɗa ƙamshin teku da warin baƙin mai. Can gaba ga manyan ƙugiyoyi sun miƙe sama, kwantenoni an jibge su hawa-hawa kamar unguwar benaye marasa tagogi. Sai na tuna cewa ta nan gyaɗar Kano ta riƙa fita duniya, bayan layin dogo ya isa birnin a 1911. Jiya buhunanmu ne ke gangarowa teku, yau kuwa kayan wasu ne ke hawa Arewa, mu kuma muna biyan kuɗin kowace ƙofa da suka ratsa.

Kuskuren ƙanena mai sauƙi ne, kuma ba shi kaɗai ke yin sa ba. Ya sayi kaya a kan sharaɗin da ake kira CIF, wato farashin ya haɗa da kuɗin kaya da inshora da na jirgi har zuwa Legas. Sai ya ɗauka abin da ya rage masa shi ne kuɗin fito da na mota. Alhali ma'anar sharaɗin ita ce mai sayarwa ya biya har bakin tasha; duk abin da ya biyo bayan saukar kwantena a wuyan mai kaya yake. Ejan ɗin da muka ɗauka, wani dattijo da ya shekara fiye da ashirin yana wannan sana'a, ya zaunar da mu a ɗan ofishinsa kusa da titin Wharf, ya ce, "Alhaji, a nan hannu huɗu ne ke jiran ka, kuma kowanne da rasit ɗinsa."

Hannu na farko shi ne kwastam. Najeriya na bin jadawalin harajin bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin 100, gwargwadon lambar da aka ba nau'in kayan. Ana lissafin kason ne a kan darajar kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan jimillar, har da shi kansa kuɗin fiton. A ƙaddara darajar kayanka naira miliyan 50 ce, kasonsu kuma 20: fito miliyan 10 ke nan, VAT kuma a kan miliyan 60 zai kama miliyan 4.5. Ka ga miliyan 14.5 sun tafi tun kafin a zo ga ƙananan haraji da ake ƙarawa. Kuma da yake darajar da dala take zuwa, farashin canjin da kwastam ke aiki da shi ne zai mayar da ita naira, shi kuwa tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 bai cika zama wuri guda ba.

Hannu na biyu kamfanin jirgi ne. Ko da an biya kuɗin dako tun daga can, ofishinsa na Legas yana da nasa caji: na takardu, na sakin kaya, na wanke kwantena, da kuma kuɗin jingina da za ka ajiye har sai ka dawo masa da kwantenarsa lafiya. Kuɗin jinginar naka ne, amma yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo, don haka ba jarin da za ka juya gobe ba ne.

Hannu na uku shi ne mai filin tasha. Tun 2006 gwamnati ta miƙa gudanar da filayen tashoshi ga kamfanoni masu zaman kansu, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta zama mai gida kawai. Su ne ke sauke kwantena daga jirgi, su ajiye ta, su kai ta wurin binciken kwastam, su ɗora ta a mota, kuma kowane motsi da farashinsa. Na huɗu kuwa ejan ne da mai tirela, haɗe da kuɗin rajistar shigar mota ta manhajar Eto da aka fara aiki da ita a watan Fabrairun 2021 domin rage cunkoson hanyoyin Apapa.

Duk waɗannan ana iya sanin su tun kaya ba su bar Sin ba. Abin da ke karya ɗan kasuwa shi ne na biyar, wanda ba shi da ofishi: kwanaki. Daga ranar da kwantena ta sauka agogo biyu ke fara bugawa. Kamfanin jirgi na ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan ya fara cajin tarar jinkiri a kan kwantenarsa. Mai fili ma na ba da nasa 'yan kwanakin, daga nan ya fara karɓar kuɗin ajiya. Dukansu biyun mataki-mataki suke hawa, kwanan mako na uku ya fi na makon farko tsada, kuma ba su san Asabar ko Lahadi ba. Ga ɗan Kano kuma akwai ƙari: agogon kamfanin jirgi ba ya tsayawa sai kwantena ta dawo babu kaya, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa, 1,000 dawowa. Shi ya sa da yawa ke juye kayansu a wata motar tun a Legas. In kuwa kaya suka wuce wa'adin da doka ta yanka ba a fito da su ba, kwastam na da ikon yin gwanjonsu.

Mu abin da ya riƙe mu bai taka kara ya karya ba. Bayanin kayan da ke kan takardar lodi ya ɗan saɓa da wanda ke kan Form M da aka buɗe a banki, sai takardar ƙiyasin kwastam ta PAAR ta tsaya har a gyara. Gyaran kuma sai an koma ga mai sayarwa, shi kuwa lokacin da muke fara aiki yana shirin rufe ofis, domin sa'a bakwai ke tsakaninmu. Kowace safiya mu zo Apapa, mu zauna a benci muna kallon tireloli na fita da kayan wasu, la'asar ta yi mu koma Agege. Ina kallon ƙanena yana lissafi a bayan ambulan, yana sokewa, yana sakewa. Da kwantenar ta fito, ribar da ya yi wa marayu alkawari ta tsaya a Legas. Uwar kuɗin dai Allah Ya tsare.

Darasin da na taho da shi shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka tura wa mai sayarwa ko sisi, nemi ejan mai lasisin kwastam ya rubuta maka ƙiyasi layi-layi, da lambar harajin kayanka a kai. Tambayi kamfanin jirgi kwana nawa yake bayarwa kyauta, ka nemi ƙari tun lokacin yin ciniki, domin bayan jirgi ya taso magana ta ƙare. Buɗe Form M kafin lodi, ka tabbatar takardar ingancin kaya ta SONCAP, ko izinin NAFDAC in abinci ne ko magani, tana hannu. Karanta daftarin takardar lodi harafi-harafi kafin a buga ta. Ka ware kuɗin jinkirin aƙalla mako biyu da na motsin canji, ka ɗauka ba naka ba ne. In lissafin bai ba da riba da su a ciki ba, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka kuma yi hattara da dillalin da ya kawo maka kuɗin jirgi mai arha fiye da kima, musamman in kwantenar haɗaka ce, domin sau da yawa abin da ya rage maka a can yana jiran ka a nan.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, domin kwantena ta wuce kai tsaye a yi mata fito a gida. Amma ran irin wannan tasha jirgin ƙasa ne mai zuwa a kan lokaci. Majalisar Masu Safarar Kaya ta Najeriya, wadda aka ɗora wa sa ido a kan cajin tashoshi tun 2014, ya kamata ta riƙa yaɗa jadawalin kuɗaɗen nan da Hausa a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari.

Domin a ƙarshe ba ɗan kasuwa ne ke biya ba. Kowane kwanan da kwantena ta yi a Apapa yana nan a ɓoye cikin farashin makullin ƙofar da malamin makaranta zai saya a Kano, shi da bai taɓa ganin teku ba.