Likitan Da Ya Buɗe Mini Ido Game Da Zabiya

Yau labarin wani likita zan ba ku, amma bari in fara da laifin da na yi da kaina.

Shekarar da na fito makarantar horon malamai, aka ba ni aji uku. A cikinsu akwai wata yarinya zabiya. Kullum tana can baya tana ƙifta ido, ba ta iya kwafar abin da ke allo. Ni kuwa sai na ɗauka lalaci ne. Har wata rana na tsayar da ita a rana tsaka don horo. Kashegari ta zo wuyanta ya yi ja wur, leɓenta ya tsattsage. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Daga baya na sami labarin Farfesa Anezi Okoro, likitan fata na asibitin koyarwa da ke Inugu. An haife shi a Arondizuogu a 1929, ya rasu a 2024. Wataƙila waɗansunku 'yan makaranta sun san shi ta littafinsa na yara, One Week One Trouble. To, wannan bawan Allah ya duba zabiya 1000, ya buga sakamakon a 1975. Abin da ya gani akwai ban tausayi: rana tana fara ɓata fatarsu tun suna yara, har ta kai ga sankara, kuma kaɗan ne ƙwarai cikinsu suka wuce shekara 30.

Me ya kawo haka? Akwai wani sinadari a fatarmu, melanin, watau abin da ya sa muka zama baƙaƙe. Shi ne laimar da Allah ya yi mana. Zabiya ba ta da shi sosai, a fata da gashi da ido, shi ya sa ma ganinta ke da rauni. Abin gado ne daga uwa da uba duka biyu. Ba aikin aljanu ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa.

Saboda haka, uwargida, in kina da irin wannan ɗiya, ki sa mata malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu. Kada ki aike ta talla ko ɗiban ruwa da rana tsaka. In da hali, a shafa mata man kare fata daga rana. Gyambon da ya ƙi warkewa kuwa, maza a kai asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Ku kuma 'yan makaranta, ku daina tsokana, ku bar mata kujerar gaba. Tawa yarinyar da na mai da ita gaban allo, kafin ƙarshen shekara ta shiga cikin na gaba a aji.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.