Yadda na gane ɗiyata tana da dundumi

 Zan ba ka labarin ɗiyata mai shekara 5.

Cikin rani ne. Da rana tana wasa kamar kowa. Amma in rana ta hwaɗi, sai ta raɓe jikin danga, ta ƙi motsi. In an aje tuwo, sai ta riƙa lalaben akushi. Ni kuwa ina yi mata hwaɗa, ina cewa sakarci ne. Uwarta ta ce: "Malam, yarinyar nan ba ta gani da dare."

Munka tahi gidan likita. Likita ya nuna mata allo mai harahi iri ɗaya, manya da ƙanana. Na gane shi, E ne, mun koye shi wurin yaƙi da jahilci. Ya ce ta nuna da hannu inda ƙahwahunsa sunka dosa. Cikin haske ba ta ɓata ko ɗaya ba.

Sai ya ruhe taga, munka zamna muna jira. Ya ce ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kahin ya saba da duhu. Da lokaci ya cika, ni ina ganin manyan. Ita ba ta ga komi ba. Kunya ta kama ni.

Likita ya ce dundumi ne, rashin bitamin A ya kawo shi. Ya ba ta magani. Ya ce mu riƙa ba ta hanta, ƙwai, man shanu, zogale, kabewa da mangwaro. Kahin mako ya zagayo, tana bin wanta waje da magariba.

Kai ma kana iya gwadawa gida. Ka zana E babba da gawayi bisa hwarar takarda. Da almuru ka tsai da yara biyu, taki 6 daga takardar. Ka riƙa juya ta, kowa ya nuna. In ɗaya yana gani, ɗaya ba ya gani, ka kai shi gidan likita gobe. In an bar dundumi, ido yana bushewa har ya kai ga makanta, balle bayan ƙyanda ko zawo. Mai ciki ma tana samun shi, amma kada ta sha maganin yara, sai abin da likita ya ba ta.

Kada ka yi wa ɗanka hwaɗa kamar yadda na yi. Gwada idonsa tukuna. Allah ya ba mu lahiya.