Ƙyallin mota da darasin da ya koya mini

 

Ni direba ne, haifaffen ƙasar Arewa. Yau hira zan yi da kai bisa goge mota, da man nan na gwangwani da ake fesa mata ta yi ƙyalli. Wataƙila ka ce: "Ni da ba ni da mota, ina ruwana?" Dakata tukuna. In ba ka da mota, akwai babur a gidanku. In babu babur, wataƙila ɗanka yana tasha yana wanke motocin mutane. Kuma wata rana kai ma za ka tara kuɗin wake ko na rake, ka tafi sayen abin hawa. Ran nan za ka tuna da hirar nan.

Darasina na farko

Bayan farin 1984 gonarmu ba ta ba mu ko dami goma ba. Sai na bar ƙauye na zo Dogon Dutsi, na zama karen mota. Maigidana yana da Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya. Muna bin kasuwanni: Matankari, Kore Mai Ruwa, Tibiri, Dumega. Wani lokaci mu hau kwalta har Dosso, tafiyar kusan kilomita 140.

Wata safiya cikin hunturu na ga ƙura ta rufe motar. Ina son in burge maigida. Na ɗauki busasshen tsumma na dirje ta tas. Da na ga ba ta yi haske ba, sai na tsoma tsumman cikin gazuwal na shafe ta, yadda na ga wasu yara suna yi a tasha. Kai, ta yi sheƙi kamar amarya! Na tsaya ina jiran yabo.

Maigida ya fito, ya duba, bai ce kome ba. Munka ɗauki fasinja munka tafi Tibiri. A lokacin hanyar jar ƙasa ce. Da munka isa, motar ta koma ja wur, ƙura ta manne mata kamar an yaɓa laka. Maigida ya kira ni ya ce: "Yaro, zo nan." Ya wanke wuri ɗaya da ruwa, ya ce in duba ta wajen hasken rana. Na ga zane-zane ƙanana bila adadin, kamar saƙar gizo. Ya ce: "Wannan aikin tsummanka ne. Garin neman gira ka rasa ido."

Me ya kawo haka? Ƙurar hunturu da kake gani tamkar gari, akwai ɓarɓashin rairayi a cikinta. Mai yawa daga cikinta iska ke kwaso ta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Rairayi kuwa ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. In ka dirji mota da busasshen tsumma, daidai yake da ka goge ta da yashi. Shi kuma gazuwal maiƙo gare shi: yana kama ƙura, kuma yana lalata robobin ƙofa da na gilashi.

Menene amfanin fenti?

Da ina tsammanin fenti ado ne kawai. Daga baya na gane riga ce ta ƙarfe. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa cin sa take yi har ta huda shi. Fenti shi ke raba su.

Fentin motar yanzu hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai riƙe ƙarfe. Akwai na tsakiya mai launi. Akwai na bisa, garai-garai kamar ruwa, shi ne mai ƙyallin. Tun wajen shekarun 1980 yawancin motoci suke fitowa da wannan na bisa. Tsohuwar Fijonmu ba ta da shi, shi ya sa in an goge ta sosai sai launin ya fito a tsumma. Amma ka san kaurinsu duka? Bai fi kaurin takardar nan da ke hannunka ba sai kaɗan. Ka ga ke nan abin da ka kankare ba ya dawowa.

A ƙasarmu abokan gaban fenti huɗu ne: rana, ƙura, kashin tsuntsaye, da ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri, wanda in ya bushe a jikin mota yake barin farin tabo.

Kakin da ke fitowa daga ganye

Abin da ake shafa wa mota don ya kare fenti, asalinsa kaki ne, ɗan'uwan kakin zuma. Wanda ya fi suna ana ce da shi karnuba. Daga wata itaciya ake samun sa, a arewa maso gabashin ƙasar Barazil, musamman jihohin Piyawi da Siyara. Ganyenta kamar na giginya yake. Can ma ƙasa ce mai rani da fari irin tamu. Allah ya yi wa ganyen rigar kaki don kada rana ta shanye ruwansa. Da rani manoma suke yanko ganyen, su shanya, su bubbuge. Garin da ya zubo shi ake narkawa ya zama kaki.

Za ka ce, to me zai hana mu shafa kakin zumarmu? Ga dalili. Kakin zuma yana narkewa in zafi ya kai wajen digiri 63. Na karnuba sai ya wuce digiri 80. Baƙar mota kuwa in ta wuni a rana cikin watan Afrilu ko Mayu, rufinta yana iya kai digiri 70. Kakin zuma zai yi laushi, ƙura ta manne masa.

Da, a cikin ƙaramin gwangwani mai faɗi ake sayar da kakin, daskararre kamar man kaɗe. Ka shafa, ka jira ya bushe, ka goge da ƙarfi. Aikin rabin wuni ne. Yanzu ga na feshi ya zo, cikin gora ko dogon gwangwani. Yawancinsa ruwa ne da ɗan kaki a ciki. Wani ma babu kakin ganye ko kaɗan, haɗin masana'anta ne. Ka fesa, ka goge, cikin minti 20 ka gama ƙaramar mota. Sai dai araha ba ta ado. Rigar da yake yi wa fenti siririya ce. Ni dai a ranarmu ta Arewa, mako biyu zuwa huɗu yake yi mini. Daskararren kan kai wata biyu. Akwai kuma sabon na feshi da ake kira seramik, wanda kan yi ƴan watanni, amma ya fi tsada.

Ga yadda za ka san ko kakin yana nan. Watsa ruwa a jikin motar. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, kakin yana nan. In ya baje ya kwanta, ya ƙare.

Karanta gwangwani kafin ka biya

Abu biyu ne mutane suke haɗawa, alhali aikinsu dabam. Na farko kaki. A jikin gwangwaninsa za ka ga an rubuta cire da Faransanci, ko wax da Ingilishi. Shi ƙari yake yi bisa fenti. Na biyu folish, ana rubuta shi polish. Shi akwai gari mai laushi ƙwarai a cikinsa, wanda ke kankare fatar fentin kaɗan don sabo ya bayyana. Kamar toka ce da mata ke wanke kwano da ita. Kwano yana haske, amma kullum raguwa yake yi. Saboda haka folish sau ɗaya a shekara ya isa, in fenti ya dushe. Wanda ke shafa shi kowane mako, wata rana zai wayi gari ya ga fentinsa ya koɗe fari-fari. Daga nan sai wurin mai fenti, da kuɗi masu yawa.

Ranar da ƙyalli ya cuce ni

Yanzu bari in faɗa maka abin da har yau in na tuna nake jin ciwo. Na yi shekaru ina tuƙa motar mutane. Na yi tari, na sayar da bijimai biyu da wake na shekara guda. Uwargida ta ba ni rancen kuɗin tumakinta. Na tafi wani babban gari sayen ƙaramar bas ta kaina.

Dillali ya nuna mini guda uku. Biyu sun dushe. Ta ukun kuwa fara ce sol, har fuskata nake gani a jikinta. Wani tsohon makanike da ke wurin ya ce mini: "Malam, ka leƙa ƙarƙashinta mana." Na ce a raina, motar da ke walƙiya haka me za a leƙa? Kuma ina sanye da sabuwar riga, ba na son in kwanta a ƙasa. Na biya, na taho gida ina ta oda. Yara suna bi na da gudu.

Damina ta farko asiri ya tonu. Hanyar Tibiri ta yi gargada. Sai na ga ƙasan ƙofa ya tsage. Na sa yatsa, wani abu kamar busasshiyar laka ya ɓallo. Bayansa rami ne, tsatsa ta cinye ƙarfen. Ashe motar daga ƙasashen Turai masu sanyi ta fito, inda ake watsa gishiri bisa hanya don ƙanƙara ta narke. Gishirin ya ci ƙarƙashinta. An cike ramukan da ƙullin masu gyaran jiki, an fesa fenti, an bi da kaki. Ruwa ya riƙa shigowa yana jiƙa buhunan mutane. Wata rana daɓen motar ya burma ƙarƙashin ƙafar wata tsohuwa. Allah ya kiyaye, tafiyar sannu muke yi. Daga ranar fasinja sunka guje ni.

Da na faɗa wa uwargida, ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam, kallon kitse ka yi wa rogo." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Shekara biyu na yi kafin in mayar mata da tumakinta.

To, ɗan'uwa, in za ka sayi tsohuwar mota, ka yi abin da ban yi ba. Tafi da makaniken da ka yarda da shi. Kwanta ka leƙa ƙarƙashi, ka ɗaga shimfiɗar daɓe. Nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar rediyo ne, ka naɗe shi da ƙyalle, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa a ƙofa ko a gefe, ka yi shakka, wataƙila ƙulli ne a wurin. Ka ce a tada injin da safe tun yana sanyi, ka duba hayaƙin. Shuɗin hayaƙi alama ce inji yana shan mai.

Yadda nake yi yanzu

Ban daina goge mota ba don an cuce ni. Mota mai tsabta fasinja ke so, kuma ran da za a sayar da ita ta fi daraja. Ga yadda nake yi.

1. Ina aikin da sassafe ko da marece, cikin inuwa. In na ɗora hannu na ji ƙarfen da zafi, sai in jira. Kaki a ƙarfe mai zafi bushewa yake yi nan take, ya bar tabo.

2. Ina fara watsa ruwa daga bisa zuwa ƙasa, ƙura ta gangara, kafin tsumma ya taɓa jikin motar. Na san ruwa yana wuya a wasu garuruwanmu. Bokiti biyu sun isa: ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. In babu ruwan, gara a bar ta da ƙurarta.

3. Garin sabulun wanki yana cire kaki. In da shi na wanke, na san sai na sake fesawa.

4. Ina tsane ruwan da tsumma mai laushi tun bai bushe da kansa ba.

5. Ina fesa kaɗan, wuri ɗaya bayan ɗaya. In baje da tsumma guda, in goge da wani busasshe mai tsabta. Yawan fesawa asara ce. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuwa ba na mayar da shi sai an wanke.

6. Kashin tsuntsu ba na bari ya kwana. Ina jiƙa shi, in ɗauke a hankali.

Inda ba a fesawa

Wannan ka riƙe shi da kyau, don batun rai ne. Kada a fesa a gilashin gaba: da dare, ko in ana ruwa, fitilun motoci za su baje maka a ido. Kada a fesa a birki, ko a tafin taya mai taka ƙasa, ko a sitiyari, ko a abin takawa. Duk inda hannu ko ƙafa ko taya ke riƙewa, santsi haɗari ne.

Ɗana mai kabu-kabu ya koyi wannan da jikinsa. Ran jajibirin salla ya fesa wa babur ɗinsa ko'ina, har sirdi da tayoyi. Ya hau kwalta, akuya ta gitta, ya taka birki. Babur ya zame, shi ma ya zame daga sirdi. Ya karye a hannu. Ya ce mini: "Baba, so nake ya fi na kowa kyau." Shekarar nan ƙannensa sunka yi masa noma.

Shi kuma dogon gwangwanin, iska ce a matse cikinsa. A jikinsa ana rubuta kada ya shiga zafin da ya wuce digiri 50. Cikin rufaffiyar mota da rana ya fi haka zafi. Kada ka bar shi ciki, kada ka fesa kusa da wuta ko taba. In ya ƙare, kada yara su huda shi, kada kuma a jefa shi a wutar shara. Fashewa yake yi.

Abu na ƙarshe. In kuɗinka ba su isa duka ba, fara da man inji, da birki, da taya. Kaki ya jira. Inuwar rumfa ta zana da bokitin ruwa sun fi gwangwani goma kare fenti, kuma ba a sayen inuwa.

Wannan shi ne abin da na sani. Ka karanta wa ɗanka mai babur, da yaran tasha masu wanki. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah shi kiyaye mu bisa hanya, shi kai mu gida lafiya. Amin.