Aya da Tsakuwa a Rumbun Kwamfuta

A wani gida a Aboabo, ɗaya daga cikin unguwannin Zangon Kumasi, akwai wata ɗaliba da ta shafe kusan shekara guda tana naɗar muryar kakarta. Bayan sallar isha'i takan ajiye waya a gefen tabarma, tsohuwar ta shiga ba da labari: yadda kakanta ya baro Kano cikin ayarin fataken goro, yadda Hausawan Salaga suka watsu bayan yaƙin basasar 1892 har wasu suka yada zango a Kumasi, da abin da ta gani da idonta a ƙarshen 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana.

Harshen kansa ne ya fi jan hankalin ɗalibar. Hausar Kaka ta Zango ce. Takan ce "ya zo" ko da mace take nufi, kalmomin Twi kuma suna ratsa zancenta ba tare da ta lura ba. Ɗalibar ta ƙudurta rubuta zantukan nan kalma bayan kalma, ta kwatanta su da daidaitacciyar Hausa ta littattafai. Da yake wayarta ba ta da wadataccen wuri, duk abin da ta naɗa takan tura shi ta intanet, ta sauke a kwamfutarta, sannan ta goge na wayar. Ta haka muryar Kaka ta koma wuri ɗaya tak a duniya, wato jakar da ake kira Downloads. A damina kuwa Kaka ta yi doguwar jinya, ta tashi da rauni, har ba ta iya dogon zance.

Kwamfutar ta hannu ce, kawunta ya saya mata a Adum, ma'adanarta ba ta wuce gigabait 128 ba. Da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa babbar manhajar Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ɗalibar ta sabunta zuwa Windows 11. Aiki ya kammala lafiya, amma da gari ya waye sai ta tarar layin da ke nuna cikar ma'adana ya rikiɗe ja. Ko shafukan da ta rubuta da ƙyar suke samun wurin zama. Ba ta ƙara hoto ba, ba ta sauke fim ba, ga shi rumbu ya cika har baki.

Ta shiga saitin kwamfuta, ta buɗe sashen ajiya, ta kai ga jerin fayilolin wucin gadi. Kowane layi da ɗan akwatinsa da adadin wurin da ya cinye. Ta bi su tana sa alama, har da layin Downloads, don ta ga gigabait 9 a gabansa, ta ɗauka duk abin da ke cikin jerin nan shara ne. Saura ƙiris ta danna gogewa sai zuciyarta ta ɗarsa. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. Ta rufe kwamfutar, ta hau mota zuwa Adum, wurin mai gyaran da kawunta ya saba da shi.

Mutumin ya dubi allon, ya dube ta.

"Ƙanwata, me kika ajiye a Downloads?"

"Muryar kakata ce, Malam."

"Kina da ita a wani wuri?"

"Babu."

Ya cire alamar kafin ya sake cewa uffan. Sannan ya shaida mata cewa abin da aka goge ta wannan hanya ba ya biyawa ta kwandon shara, balle a je a tsinto shi. Ya nuna mata layin da ya kamata ta fara dubawa, mai ɗauke da tsohuwar manhajar da ta bari. Gigabait 20 da 'yan kai ne a gabansa.

Abin da ya faru ba ɓarna ba ce. Duk lokacin da Windows ta yi babbar sabuntawa, takan tattara tsohuwar manhajar ta killace a jaka mai suna Windows.old, domin idan sabuwar ta zo da matsala mai kwamfuta ya iya komawa gidan jiya. Wa'adin komawar kwana 10 ne, bayansa na'urar takan share jakar da kanta. Wanda ke da yalwar wuri sai ya yi haƙuri kwanakin su cika. Wanda rumbunsa ya ƙuntata, kuma ya tabbatar sabuwar manhajar na aiki daidai, yana iya share ta tun da wuri, da sanin cewa ya rufe wa kansa ƙofar komawa.

Ban da wannan jaka akwai ragowar ƙananan sabuntawa na wata-wata da kwamfuta ke tarawa, da kuma fayilolin da takan riƙe domin raba wa wasu kwamfutoci. Duka biyun suna cikin jerin, kuma share su ba ya taɓa kayan mai shi. Tsohuwar manhajar shara mai suna Disk Cleanup ita ma tana yin wannan aiki idan aka umarce ta da ta duba fayilolin babbar manhaja. Mai gyaran ya ja mata kunne a kan abu guda: kada ta kuskura ta shiga jakar WinSxS ta yi gogewa da hannu don ta ga girmanta, domin sassan da Windows ke tafiya da su suna ciki.

Kafin ya danna komai ya gwada lasifika da madannai da intanet, ya ga duk suna amsawa. Ya sa ta sayi ƙaramin filash a shagon da ke maƙwabtaka da shi, suka kwafe muryar Kaka a kai, suka buɗe fayil uku daga filash ɗin suka saurara don su tabbatar. Sai a lokacin ya bar ta ta danna gogewa da hannunta. Bayan 'yan mintoci jan layin ya koma shuɗi.

A hanyar komawa Aboabo ta yi ta juya abin a ranta. Tsofaffin abubuwa biyu ne suka zauna kafaɗa da kafaɗa a jeri guda, kowanne da akwatinsa iri ɗaya. Ɗaya akwai irinsa a miliyoyin kwamfutoci, ko ya salwanta ana iya samo wani. Ɗayan kuwa mace guda ce ta furta shi a kan tabarma guda, kuma ƙarfin maimaita shi ya riga ya bar ta. Na'ura girman fayil take aunawa, ta jera aya da tsakuwa wuri ɗaya. Tsincewar aikin mai kaya ce, kuma ɗalibar ta san saura danni ɗaya ta kasa.

Daga ranar ta sauya tsari. Ta buɗe wa zantukan jaka ta musamman nesa da Downloads, ta raɗa wa kowane fayil suna da kwanan wata da batun da ke ciki. Ta ajiye filash ɗin a akwatin Kaka, ƙarƙashin zannuwa, ta kuma aika wa ɗan'uwanta da ke Tamale kwafi na uku.

Da daddare ta kunna wa tsohuwar labarin 1969. Kaka ta yi shiru tana sauraron kanta, har aka zo inda take lissafa maƙwabtan da suka tafi ba su dawo ba. Nan ta ɗaga hannu.

"Tsayar da shi, jikata. Na manta mutum ɗaya, mai koko ta bakin masallaci."

Ɗalibar ta jawo waya, ta ajiye a gefen tabarma, ta danna naɗa.