Gwaba a Tasawa, Sabara a Hanyar Mayahi

Wani baƙo daga Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya da Maraɗi, kuma har mota ta sauke shi a Tasawa bai ga abin ba da labari ba. Masaukin da ya samu kuwa sai addu'a: fanka ba ta motsi, ruwan wanka rabin bokiti, sauro ya kwana yana biki.

Da safe wani dattijo mai lambu ya wanke masa takaici. Ya shimfiɗa masa tabarmar kaba, ya tsinko gwaba iri biyu, mai farar tsoka da mai ja. "Ci, yaro. Jar ta fi ƙamshi, amma tsuntsu kan riga mu." Baƙon ya ce, "Na gode, Baba," ya cinye uku, ko da yake a ransa gwabar Katsina ba ta da ta biyu.

A bakin shinge akwai dogayen itatuwan turare, waɗanda dattijon ke hararar su don shan ruwan da suke yi. Danginsu ɗaya da gwaba da kanumfari. Murza ganyen kowanne, hanci zai shaida. Dukansu baƙi ne: gwaba daga nahiyar Amurka, turare daga Ostireliya.

Abin da ya tsayar da shi yana kan hanyar Mayahi. Sabara ce tsaye a tsakiyar gonakin gero, da ganyenta mai launin toka da 'yan dunƙulallun furanni rawaya, an rage mata rassa an bar biyu ko uku su miƙe. A garinsu sassabe ta ake yi a cinna wuta. Nan kuwa ita ke tare rairayi, ta ba da itacen girki da ganyen magani. Wannan dabara ta renon kututture ta bazu ne daga yankin Maraɗi tun 1983, da ƙoƙarin Tony Rinaudo, shi ma ɗan Ostireliya, bayan ya ga yawancin dashen da ake yi yana mutuwa. An ƙiyasta ta farfaɗo da kadada miliyan 5 a Nijar.

Mayahi kanta bai daɗe a cikinta ba: goriba a kwarin Gulbin Kaba, mata na saƙa, fura mai kyau. Hukuncinsa dai shi ne, a sha'anin sabara manoman nan sun fi na Katsina dabara.