Kwana biyar cikin taɓo zuwa ƙanƙarar Ruwenzori

Mutumin Maraɗi ko Damagaram ya san ƙanƙara ta hanya biyu: wadda ke zubowa da ruwan farkon damina ta fasa ganyen gero, da wadda ake saya a leda lokacin azumi. Akwai ta uku, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru kwance bisa dutse tana jan jiki a hankali kamar kogin da ya daskare. A Afirka wuri uku kaɗai ta rage: Kilimanjaro, dutsen Kenya, da duwatsun Ruwenzori da ke kan iyakar Uganda da Kwango. Na ukun nan shi ne mafi wuyar shiga. Kunnen Bahaushe yana jin "ruwa" cikin sunan. Dacewa ce kawai, amma ba ta yi ƙarya ba, don da wuya yini ya wuce can ba a yi ruwa ba.

Daga garin Kasese mota kan kai matafiyi ƙauyen Nyakalengija, inda hanya ta ƙare. Nan zai goya jakarsa, ya ɗauki jagora da ƴan dako daga ƙabilar Bakonzo, waɗanda kakanninsu suka zauna gindin duwatsun. Zangon farko, Nyabitaba, yana sama da mita 2,600, ke nan tun daren farko matafiyi ya ɗara ƙololuwar Bagazam ta Ayar, mai mita 2,022, wadda babu abin da ya fi ta tsawo a Nijar.

Wahalar ba hawa ba ce, taɓo ne. Bayan kurmi da dajin gora sai a faɗa fadamar Bigo, inda ƙasa ta jiƙe har ba ta ɗaukar mutum. Takalmin roba ake sawa, ana tsalle daga tushen ciyawa zuwa wani, wanda ya kuskure kuwa ya nutse har gwiwa, wani lokaci har ƙugu. An shimfiɗa katako a wasu wuraren, amma shi ma santsi gare shi. Tsirran da a wata ƙasa ba su wuce tsawon kamu ba, nan sun fi mutum tsawo, gansakuka ta lulluɓe itatuwa, hazo ya rufe komi. Kaya ba sa bushewa. Ƴan dako kuwa, da kaya rataye a goshi, sukan wuce baƙo suna hira kamar masu zuwa kasuwa.

A dare na huɗu ake kwana bukkar Elena, wajen mita 4,500, inda numfashi ke gajarta, kai ke sarawa, barci ya ƙi zuwa. Tun kafin asuba ake ɗaura igiya, a ɗaura ƙarafa masu haƙora ƙarƙashin takalmi, a nufi ƙololuwar Margarita, mita 5,109, ta uku a tsawo cikin Afirka. Ƙanƙarar ba fara ba ce fat kamar ta hoto. Bakinta ya yi datti da tsakuwa, cikin tsagoginta shuɗi ne, ruwa na tsiyaya ƙarƙashinta.

A 1906 wani ɗan sarautar Italiya, Luigi Amedeo, ya fara taka wannan ƙololuwa, mai hotonsa Vittorio Sella kuma ya ɗauki duwatsun cikin farin rawaninsu. A lokacin ƙanƙara ta rufe sama da murabba'in kilomita 6, bisa duwatsu shida. Zuwa 2003 abin da ya rage bai wuce kimanin 1 ba, bisa duwatsu uku. Masana sun fi ɗora laifin ga ɗumamar iska. A 2010 ƙanƙarar Margarita ta tsage har aka rufe hanyar na ɗan lokaci, kuma inda dā ake tafiya a miƙe, sai an bi dutse tsirara da igiya. Rahoton UNESCO na 2022 ya ce mai yiwuwa ƙanƙarar irin waɗannan wurare na Afirka ta ƙare kafin 2050.

Ana yawan cewa in ta narke kogin Nilu zai ƙafe. Wannan zuƙi ne: bincike ya nuna kasonta cikin ruwan kogin Mubuku ƙanƙani ne ƙwarai, ruwan sama da fadamun nan masu cin takalmi su ne rumbun ruwa. Asarar ta fi faɗa wa Bakonzo, waɗanda a al'adarsu ta gargajiya ƙanƙarar mazaunin abin bautarsu Kitasamba ce, kuma yanzu da yawansu da dakon kayan masu zuwa ganinta suke ci. Abin da ke tayar musu da hankali a kwari kuwa ambaliya ce. A watan Mayu na 2013, da kuma Mayun 2020, kogin Nyamwamba ya gangaro da manyan duwatsu, ya share gidaje da gadoji, karo na biyun har ya rushe asibitin Kilembe.