Kujerar Marigayiya

Ranar da na fara shiga filin wasan Johnstown, da rigar sanyi biyu na shiga da safa uku, amma haƙorana sai da suka yi ta karo da juna. A ƙarshen 2007 ne, watana biyu da sauka a wannan ɗan gari na yammacin jihar Pennsylvania, inda aka turo ni aikin likita na shekara uku. Wanda ya ja ni shi ne mai gidan da nake haya a benensa, wani dattijo da ya haura 70, wanda kakanninsa suka taso daga Slovakia don aikin ƙarfe. Baba nake ce masa. Karon farko da na kira shi haka dariya ya yi har da tari, ya ce a yaren kakanninsa tsohuwa ake ce wa baba. Na ce a namu uba ne. Ya ce to, ya karɓi namu.

Tikiti biyu yake yanka na kakar wasa gaba ɗaya, kujeru biyu jere da juna. Ɗayar ta matarsa ce, wadda ta rasu shekara biyu kafin zuwana, kuma bai daina biyan kuɗin kujerar ba. Sai da muka zauna ya gaya mini haka, shi ma cikin wata maganar, kamar mai ba da labarin farashin mai. Na rasa yadda zan yi da jikina a kan kujerar. Na ɗan ɗosana a bakinta har aka tashi.

Ban fahimci komai ba a daren. Ƙarti shida-shida har da masu tsaron raga, kowa da takalmin da aka kafa wa siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi a kan ƙanƙara da sanduna, suna bin wani baƙin faifan roba da idona ya kasa kamawa. Sai dai na ga raga ta motsa, jan fitila ta kama, mutane sun miƙe. Ana cikin haka biyu suka zubar da safar hannu suka kama dambe, alƙalai suka ja gefe suna kallo kamar a gidan damben gargajiya, sai da suka gaji aka raba su, aka kai kowa ɗan kejinsa ya zauna minti biyar. Na tambayi Baba ko ba za a kore su ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce, “Likita, ai ba ka ga komai ba. Da a zamanin Jets ka zo.”

Daga wannan daren na fara karatun tarihin ƙungiyar, a bakinsa, tsakanin zango da zango, lokacin da motar Zamboni ke zagayawa tana shafe ƙanƙarar.

A 1950 aka buɗe filin, Cambria County War Memorial, don tunawa da 'yan yankin da suka je yaƙi, kuma a shekarar aka kafa Johnstown Jets. Filin yana cin mutum kusan 4,000. Lokacin garin yana da rai, tanderun kamfanin Bethlehem Steel ba sa mutuwa dare da rana, mutum yana gama sakandare ya bi ubansa cikin masana'anta. Baba haka ya yi. Ya ce ranar wasa da ka sauka daga aiki sai ka wanke fuska kawai ka nufi fili, hayaƙin taba ya rufe saman rumfa har ba a ganin agogo sosai. Jets sun ɗauki kofin rukuninsu sau uku a jere, 1960 da 1961 da 1962, kuma Baba yana jero sunayen 'yan wasan wancan lokaci kamar mai jero 'ya'yan maƙwabta. Kusan haka ɗin ne ma. Yawancinsu samari ne daga ƙauyukan Kanada, wasu sun yi aure a garin, suka zauna har suka tsufa.

Abin da ya kai sunan garin duniya kuwa wani fim ne. A kakar 1974 zuwa 1975 Jets suna da wasu 'yan'uwa uku daga Minnesota, Jack da Steve da Jeff Carlson, masu dogon gashi da tabarau mai kaurin baki, waɗanda ba a taɓa ɗaya sauran su tsaya kallo. A shekarar suka ci kofi. Akwai kuma wani ɗan wasa a ƙungiyar, Ned Dowd, wanda 'yar'uwarsa Nancy Dowd marubuciya ce. Ta ji labaransu ta rubuta fim a kansu, Slap Shot, aka ɗauke shi a Johnstown a 1976, Paul Newman ne jarumin. Steve da Jeff suka fito a ciki da kansu, wani abokin wasansu, Dave Hanson, ya maye gurbin Jack da aka kira wata babbar ƙungiya kafin a fara ɗauka. Baba ya rantse yana cikin 'yan kallon da aka ɗauka a fim ɗin. Mun kalle shi tare sau uku a falonsa, yana tsayar da faifan yana nuna mini wani duhu-duhu a kusurwa, wai hularsa ce. Ban taɓa musa masa ba.

Fim ɗin na barkwanci ne, cike da ashar da dambe, ba wanda za ka kalla da yara ba. Amma abin da ke ƙarƙashinsa babu dariya. Ƙungiyar wani gari ce mai suna Chiefs, masana'antar ƙarfen garin za ta rufe, ƙungiyar ma za a rushe ta. Aka saki fim ɗin a farkon 1977. A watan Yulin shekarar ruwa ya kwana yana zuba, madatsun ruwa suka ɓalle, ambaliya ta ci garin, mutum fiye da 80 suka mutu. Ba shi ne karo na farko ba. Garin a cikin kwari yake, inda koguna biyu suka haɗu. Ambaliyar 1889 ta kashe mutum 2,209, ta 1936 ma ta yi ɓarna. Amma ta 1977 ta zo wa garin yana kan gargara. Ta lalata injinan daskarar da ƙanƙara na filin, Jets suka mutu a nan. Kamfanin ƙarfe ya rage dubban ma'aikata, ya yi ta ja da baya har ya tattara ya bar garin a 1992. Garin da ya taɓa kai mutum 67,000 a 1920, a ƙidayar 2020 bai cika 19,000 ba.

A nan ne labarin ya daina zama mini na baƙi. Ni ɗan Kakuri ne a Kaduna. Mahaifina ya yi shekara 26 a ɗaya daga cikin masakun unguwar, kuma na tashi ina sanin lokaci da jiniyar canjin aiki, lokacin da kekuna ke cika titi har mai mota sai ya haƙura. Ranar da aka sa wa ƙofar masakar kwaɗo an ce musu na ɗan lokaci ne. Har yanzu katin shaidar aikinsa yana cikin aljihun gaban rigarsa, tare da carbi. Shi ne ya riƙa goya ni a keke zuwa filin wasa na Ahmadu Bello kallon Ranchers Bees. Saboda haka idan Baba ya bi da ni ta gefen dogayen rumfunan bulo da tagoginsu suka farfashe yana cewa nan ne sashensu, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Na san irin wannan shirun.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da wasan a ƙarshen shekarun 1970 da wata ƙungiya da ba ta wuce kaka biyu ba, daga nan filin ya yi shekaru babu ƙwararru. Sai a Janairun 1988 aka kafa sabuwa. An so a kira ta Jets, sunan bai samu ba, sai aka ɗauko na fim, Johnstown Chiefs. Wannan abu har yau yana ba ni mamaki. Mutane sun ɗauki sunan ƙungiyar da aka ƙirƙira don a nuna mutuwar garinsu, suka liƙa a ƙirji suna tafi. Steve Carlson, ɗaya daga masu tabarau, ya zama kocinsu. A kakar 1988 zuwa 1989 suna cikin ƙungiyoyi biyar da suka kafa gasar ECHL, kuma a shekarar farko suka kai zagayen ƙarshe, Carolina Thunderbirds ta doke su a wasa na bakwai. Ba su sake kaiwa nan ba. Shekara 22 suka yi ba kofi ko ɗaya.

ECHL hawa biyu take ƙasa da babbar gasar NHL, AHL na tsakani. Ɗan wasa a nan 'yan ɗaruruwan daloli yake samu a mako, ƙungiya ta ba shi ɗaki, ya kwana a bas daga gari zuwa gari. Wanda ya yi ƙoƙari sai a kira shi sama, wanda ya gaza a sallame shi, don haka duk wanda ka fara so, ka shirya rabuwa da shi. Wani lokaci kuma daga sama ake faɗowa. Arturs Irbe, mai tsaron raga ɗan Latvia da ya kai Carolina Hurricanes zagayen ƙarshe na kofin Stanley a 2002, an turo shi Johnstown a kakar 2003 zuwa 2004, kuma Baba ya ce bai taɓa ganin ya ɗaga wa kowa hanci ba. Na tambaye shi yadda mutum zai yi shekara da shekaru yana goyon bayan mutanen da kowannensu addu'arsa ita ce ya bar garin. Ya ce shi riga yake goyon baya, wanda ke cikinta Allah ya ba shi sa'a.

Ban ce komai ba, domin ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Irin takardar izinin da ta kawo ni, sharaɗinta shi ne in yi shekara uku a wurin da likitoci suka yi ƙaranci, daga nan in tafi inda na ga dama. Marasa lafiyana sun san haka. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini ni ne likitanta na biyar cikin shekara goma sha biyu, kuma ba za ta wahalar da kanta wajen koyon sunana ba. Gaskiyarta.

A kaka ta biyu na iya bin faifan da ido. A ta uku har ina yi wa alƙali ihu da Hausa, mutanen layinmu suna tambayata fassara, ina rage mata gishiri. Idan na kira gida ranar Lahadi, mahaifina kan tambaya, “Yaya 'yan ƙanƙararku, sun ci kuwa?” Yawanci amsar ita ce a'a. Kakar 2009 zuwa 2010 ta fi kowace muni, su ne a ƙasan teburi, kujeru fiye da rabi babu kowa. A watan Fabrairu aka sanar cewa asara ta yi yawa, ƙungiyar za ta koma Greenville a jihar South Carolina. A cikin ƙungiyoyi biyar na farko, ita kaɗai ta rage a garinta na asali.

A makon ne ni ma na sa hannu a takardar sabon aiki a Maryland. Albashi ya fi, akwai masallacin Juma'a kusa, akwai inda matata za ta sayi daddawa da kuka idan ta iso, ga ƙannena uku da karatunsu ke wuyana tun da masaka ta rufe. Babu wanda zai ce na yi laifi. Amma na kasa gaya wa Baba. Ɗansa guda yana North Carolina, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ni ke duba masa hawan jini a teburin kicin, ni ke kwashe masa ƙanƙarar ƙofar gida. Kullum na sauko da niyyar faɗa sai in tarar yana karanta labarin tafiyar ƙungiyar a jarida, in ce bari sai gobe. Goben ta kai mako bakwai.

Wasan ƙarshe a farkon Afrilu aka yi, da Elmira Jackals. Filin ya cika maƙil, irin cikar da da an saba yinta da ba a kai ga haka ba, kuma na ji mutane da dama suna faɗin hakan da ɗaci. An ci mu. Da aka tashi ba wanda ya motsa. 'Yan wasan suka dawo tsakiyar fili suka ɗaga sandunansu sama, ƙarti masu furfura suna share hawaye da hular sanyi. Baba bai yi kuka ba. Hannunsa dai yana kan hannun kujerar da nake zaune.

A nan na faɗa masa, cikin hayaniya, wataƙila don kada ya ji da kyau. Na ce, “Baba, ni ma a watan Yuli zan tashi.”

Ya ce ya sani. Akwatin wasiƙunmu ɗaya ne, ya ga ambulan mai tambarin asibitin tun watan Fabrairu, shi ya ɗora mini ita a kan matakala. Ya ce yana jira ne ya ga ko zan gudu da dare kamar yadda wasu masu haya suke yi. Sannan ya tambaye ni ko can ɗin akwai ƙungiya. Na ce akwai Washington Capitals ba nisa. Ya yamutsa fuska, ya ce in dai na kuskura na sa rigarsu kada in sake kiran sa Baba, a ko wane yare.

Ƙungiyar tana nan a Greenville, yanzu sunanta Swamp Rabbits, kuma ban taɓa kallon wasanta ba. Johnstown kuwa ta samu wata a 2012, Tomahawks, ta matasa 'yan ƙasa da shekara 21 waɗanda ba a biyansu albashi, a gidajen mutanen gari ake sauke su. A 2015 garin ya ci gasar Kraft Hockeyville ta Amurka karo na farko da aka yi ta, aka ba da dala 150,000 don gyaran filin, Pittsburgh Penguins da Tampa Bay Lightning suka zo suka buga wasan share fage a cikinsa. Baba ya kira ni a daren, muryarsa ta dishe.

Benen da na bari, biyu daga cikin yaran Tomahawks ya saukar a ciki. Ya ce cin abincinsu ya fi na doki, ba sa kashe fitila, ɗaya kuma daga Minnesota yake, bai iya wanke kwano ba. Na tambaye shi wa ke duba masa hawan jini. Ya ce in bar wannan maganar. Na tambaye shi wa ke zama a kujerar. Ya ce uwar ɗaya daga cikin yaran idan ta zo ziyara, sauran ranaku kuwa rigar sanyinsa yake ɗorawa. Daga nan ya tambayi mahaifina, ko an buɗe masakar. Na ce ba a buɗe ba tukuna, amma an sake kafa kwamiti.